Ku daina cewa araha ce

Na ga masu cewa hassada nake yi wa yaron nan da ya sayi tsohuwar jif mai dizal a nan Saudiyya, saboda na rubuta jiya cewa motar ba araha ba ce. To madalla. Ni da na bar barcina ƙarfe biyun dare na tafi Bahra, tsakanin Jidda da Makka, na tsaya gefen titi ina jiran saɗaha, wato motar ɗaukar mota, ta zo ta ɗauki "gimbiyar" tasa, ni ne mahassadi.

Wallahi kuɗin da ka biya a haraj, kasuwar tsofaffin motoci, kafin alƙalami ne kawai. Jif ɗin Turawa mai dizal, ƙirar 2009, kujerun fata, ka ji farashi kamar na ƙaramar Camry, sai ka ɗauka Allah ne ya tarfa wa garinka nono. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ɗan'uwa. Wanda ya saye ta sabuwa ya san dalilin da ya rabu da ita.

Balan-balan ɗin ƙafa mai ɗaga motar ta sace, da safe ka tarar da mota ta durƙusa kamar raƙumi. A gyara wannan turbo ta fara busa usur, a gyara turbo bakhakhat masu fesa wa inji mai su ce saura mu, ka zaga sana'iyya, unguwar makanikai, kaf mai warsha, wato gareji, yana shafa gemu yana cewa sai an yi oda daga Sharja ta ƙasar Daular Larabawa, a tashlih kuwa, wajen 'yan gwangwanin motoci, ko madubinta babu, don nan ƙasar masu fetur ne suka cika titi.

Wai dizal ya fi sauƙi. Yaushe rabonku da gidan mai? Lita tana halala 75 (halala ɗari ce riyal ɗaya) a 2023, ta koma riyal 1.15 a 2024, a 2025 ta kai 1.66. Ko kyauta ake ba ku shi, kafin alƙalami dai kuka biya. Masu kawo min misalin Land Cruiser kuma ku huta, wannan kowane lungu akwai mai gyaranta.

Tsakani da Allah na san abin da ke ja. Na zauna a cikinta, ƙofa ta rufe ba ka jin komai na waje, raina ma ya biya. Amma yaron nan kuɗin da zai aika wa mahaifiyarsa Kano ne ya tafi kan famfon mai, ga fahas, wato gwajin lafiyar mota, bai ci ba, istimara, takardar rajistar motar, ta kusa ƙarewa. Wannan ne ya ƙona min rai.

Af, kuma wanda ke ajiye farar Hilux a bakin ƙofarmu a Shari Mansur duk daren Juma'a, na san kana karanta ni. Saɗahar nan ina da lambarta yanzu.