WAI BAI CIKA IDO BA

To, kun dai ga abin da aka yi daren jiya a zaɓen shugaban kwamitin unguwarmu nan Rigasa. Mutumin da ya shekara uku yana bin gida gida da ɗan littafinsa yana karɓar kuɗin gyaran taransifoma, ko naira ɗaya ba ta taɓa ɓacewa a hannunsa ba, shi aka kayar. Laifinsa? Wai bai cika ido ba. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "In aka tura wannan ɗan tsurut gidan gwamnati, wa zai ba shi kujera?" Aka kwashe da dariya, aka zaɓi Alhaji mai tumbi da shadda tana ƙyalli.

Madalla. Sai tumbin ya kawo mana wuta.

Mu dai a wurinmu shugabanci babbar riga ce da ƙaton jiki. In mutum ya shigo yana baza hannun riga, turare na tashi, shi ke nan ya iya mulki. Kuma a Kaduna ake wannan magana! Garin da Balarabe Musa ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1981, har yau ana kiran sunansa da girmamawa, ba don ado ba. Malam Aminu Kano wane girman jiki gare shi? El-Rufa'i fa, shekara takwas, 2015 zuwa 2023, ko kana sonsa ko kana ƙinsa, akwai wanda zai ce tsawonsa ya hana a ji shi?

Na san wani zai ce ai kwarjini ma wani abu ne, ai Sardauna ya cika ido. Malam, rawanin kawai ka gani, aikin ba ka gani ba? Wani kuma zai jawo min ayar Ɗalutu, sarkin da Alƙur'ani ya ce Allah ya ƙara masa girman jiki. Koma ka karanta, ilimi aka fara ambata kafin jiki.

Wallahi abin ya taɓa min zuciya. Na ga bawan Allahn nan ya naɗe littafinsa ya sa a aljihu, ya yi murmushi, ya ce Allah ya taya riƙo. Sai na tuna Ibn Mas'ud da sahabbai suka yi wa siraran ƙafafunsa dariya, Manzon Allah (SAW) ya ce sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani.

Af, wanda ya tafi da silifas ɗina a ƙofar masallaci bayan taron, shuɗi ne, ƙafar hagu an ɗinke da zare. Ka maido wurin mai shayi, ba sai mun haɗu ba.