Ƙudan da ya kwana a jitata

Ni dai ban iya kaɗa jita ba. Abin da na iya bai wuce waƙa ɗaya da rabi ba, rabin ma yarana sun roƙe ni in bar shi haka. Amma ranar da na ji cewa Leo Fender, mutumin Kalifoniya da ya fito da jitar lantarki mai suna Stratocaster a 1954, shi ma bai iya kaɗawa ba, sai na ji kamar an miƙo mini lasisi. Na fitar da mota daga gareji, na share wurin, na sanar da iyalina cewa daga yau nan masana'antar jita ce.

Aikin katako bai wahalar da ni ba. Na yanke gangar jikin, na goge gefuna, na fafe gurbin da wuya zai zauna. Wuyan saye na yi, don ko ni na san iyakata. Abin da aka fi ja mini kunne a kai shi ne awo: tsawon tsirkiya a irin ta Fender inci 25.5 ne, kuma ƙarfe na 12 cikin ƙananan ƙarafan da aka gitta a kan wuya dole ya faɗi a tsakiyarta daidai. Na auna sau bakwai, ya fita cas. Kaina ya kumbura, har na fara duban kujerun falo ina cewa wanda ya yi su bai san aiki ba.

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Saura fenti.

Na nace sai naitiro, irin fentin da kamfanonin jita na Fender da Gibson suke fesawa a shekarun 1950. Fender ma fentin mota na kamfanin DuPont suke ɗaukowa idan ana son launi na musamman, don haka na zaɓi shuɗi mai haske irin na tsofaffin motocin Amurka. Na sayi bindigar feshi da ƙaramar kwamfuresa, na rataye jitar da waya a tsakiyar gareji.

Katakona mahogani ne, ɗan'uwan maɗaci, jikinsa cike da ƙananan ramuka da ido ba ya gani sosai. Akwai wani abu mai kauri da ake shafawa a toshe su kafin fenti. Na karanta haka, na ce wannan ɓata lokaci ne. Da fentin ya bushe sai ya nutse cikin kowane rami, jita ta fito da zanzana kamar ta tashi daga ciwon agana. Na ɗauki samfefa na koma farko.

A karo na biyu na gane cewa tsakanin bakin bindiga da katako akwai wata tazara, wajen santimita 20, wadda ba ta son wasa. Na ja baya da yawa, fentin ya fara bushewa a iska kafin ya isa, ya sauka gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Na ce to bari in matso. Na matso, na kuma tsaya a wuri ɗaya ina sha'awar sheƙin, sai ga fenti ya taru yana gangarowa layi biyu. Uwargida ta leƙo, ta daɗe tana kallo.

"Baban yara, ita ma jitar kuka take yi?"

Ban tanka ba, don a lokacin kaina na juyawa. Takunkumin ƙyalle na ɗaura, wanda ƙura kawai yake tarewa. Tururin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, wucewa yake yi abinsa kamar ba kowa a ƙofa. Sai da na tsinci kaina ina yi wa bango murmushi na gane akwai matsala. Na samo takunkumi na gaske mai gwangwanin gawayi biyu, na buɗe taga, na sa fanka tana kora iskar waje. Dabara ce mai kyau, in ban da cewa igiyar shanya tana bayan tagar. Fararen rigunan makarantar yara uku suka koma launin sararin samaniya. Abin da aka faɗa mini a daren nan ba zai rubutu ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar da na zo fesa farin ruwan da ke ba da sheƙi, an kwana ana ruwan sama. Minti biyu da gamawa, shuɗin nan ya yi fari-fari kamar ido mai yana. Abin da ke faruwa shi ne tina tana tashi da sauri, ta sanyaya fuskar fentin, laimar da ke cikin iska ta sauka a kai, fentin ya rufe da ita a ciki. Nan ne kaɗai naitiro ya tausaya mini: kowane sabon feshi yana narkar da na ƙasansa su zama ɗaya, don haka da rana ta fito na sake bi a hankali, hazon ya tafi.

Feshin ƙarshe kuwa, wallahi ya yi kyau. Ina ganin fuskata a ciki har da furfurar gemu. Na ajiye bindiga, na harɗe hannu, ina tunanin sunan da zan sa wa kamfanina. Sai ga ƙuda. Duk faɗin garejin nan, da bokitin shara a kusurwa, bai ga wurin sauka ba sai tsakiyar jitata. Ya sauka, ya maƙale, ya shiga iyo yana ja mini layi.

Masu aikin sun ce a bar shi ya bushe, daga baya a goge. Ni na sa yatsa. Na fito da mafi yawan ƙudan, na bar fiffike ɗaya da ƙafafu biyu, na ƙara da zanen babban yatsana a gefe, sarai kamar na ofishin 'yan sanda. Haushi ya sa na fesa wani a kai, na binne su gaba ɗaya.

Naitiro yana son kamar mako 4 a rataye kafin ya yi tauri a goge shi. Na yi haƙurin kwana 9. Kowace safiya sai in je in shinshina, in danna farce a gurbin wuya, in shawo kan kaina cewa ya yi. Na jiƙa samfefa, na fara da mai lamba 800 da niyyar kaiwa 2000 mai laushi sosai, ban kai 1000 ba na cinye fentin gefe har katako ya leƙo. Na kwantar da ita a kan tawul in je in huce. Da safe saƙar tawul ɗin ta fito raɗau a bayanta, zare bayan zare.

Haka na ɗaura wuya, na sa tsirkiya shida, na jingine ta a bayan ƙofa. Bayan wata guda wani abokina da ya iya kiɗa ya zo, ya ɗauka, ya kaɗa, sautin kuma ya fita tas. Ya juya ta, ya shafa gefen da ya ƙoƙe, ya ce ai tun 1995 Fender suke sayar da sababbin jita da aka tsufar da su da gangan, a kankare fenti, a ƙuje gefe, masu saye kuma na rububi.

"Malam, yaya aka yi ka fitar da wannan zanen na baya?"

Na gyara tsayuwa, na ce sirrin sana'a ne. Ya kai idonsa kusa da tsakiya, ya ƙura, ya ce wannan fa kamar fiffike.

Daga cikin ɗaki uwargida ta ɗaga murya: "Tambaye shi tawul ɗin waye, kuma yaushe mota za ta koma gareji."