Yaran Soweto sun san wuta, kuma suka taka

Jiya a majalisa wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce wai zanga-zangar matasa ba ta taɓa gyara komai ba sai asarar rai, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ban musa masa a gaban mutane ba, amma wallahi maganar ta tsaya min a rai, don ni yaran Soweto, unguwar baƙar fata a Afirka ta Kudu, ne suka faɗo min.

A 1976 fa Afirka ta Kudu shiru take kamar maƙabarta. An haramta ANC, ƙungiyar da ke yaƙi da wariyar launin fata, tun 1960 bayan kisan masu zanga-zanga a Sharpeville, Mandela yana tsibirin Robben yana fasa dutse, sauran manya wasu suna kurkuku wasu sun tsallaka waje, iyaye kuma kowa na tsoron ya yi magana a raba shi da ɗan aikin da yake ci da iyali. Dama tun 1953 an yi dokar ilimin Bantu wadda aka tsara don ɗan baƙar fata ya tashi lebura ya mutu lebura, sai kuma a 1974 gwamnatin wariya ta ƙara da cewa lissafi da wasu darussa dole a koyar da su da Afrikaans, yaren da yaran ba sa ji, malaman ma da yawa ba su iya ba, kuma shi ne yaren ɗan sandan da ke tare ubanka a titi yana tambayar fas, wato takardar izinin zirga-zirga ta baƙar fata. Ka zauna aji kana ganin allo kamar ana maka zane.

Abin da ya fi burge ni ba fitowar ba ce, shirin ne. Ranar 13 ga Yuni ɗalibai suka yi taro a Orlando, cikin Soweto, suka kafa kwamiti, Tsietsi Mashinini na makarantar Morris Isaacson, ɗan shekara 19, shi ne kan gaba, suka sa rana suka tsara hanyar da kowace makaranta za ta bi, kuma yawancin iyayensu ba su san wainar da ake toyawa ba. Safiyar 16 ga wata dubban yara cikin yunifom suka fito da kwalaye suna waƙa, sun nufi filin wasa na Orlando. 'Yan sanda suka tare su da karnuka da barkonon tsohuwa, daga nan sai harsashi.

Shahararren hoton nan da ɗan jarida Sam Nzima ya ɗauka a ranar, ku ƙara kallonsa da kyau. Hector Pieterson ɗan shekara 12 a hannun Mbuyisa Makhubo, jini a bakinsa, yayarsa Antoinette na gudu a gefe ta ɗaga hannu tana kuka. Duk sanda na gani sai na tuna ƙanena. Kwamitin binciken gwamnatin da kanta ya ƙirga mutum 575 da suka mutu a tarzomar da ta bazu ƙasar har farkon 1977.

To me ya biyo baya? Cikin makonni gwamnati ta janye tilascin Afrikaans. Dubban matasa suka tsallake iyaka suka cika sansanonin ANC da suka yi sanyi. A 1977 bayan kisan ɗan gwagwarmaya Steve Biko, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa takunkumin dole na sayar wa ƙasar makamai. Ni ban ce yara kaɗai suka kayar da wariya ba, ƙungiyoyin ƙwadago sun yi nasu, takunkumi ya yi nasa, kuma sai da aka yi shekara 18 kafin zaɓen 1994 da ya kawo ƙarshen wariyar. Amma tsoron da ya rufe bakin manya su suka fasa shi, bayan Soweto ba a sake samun wancan shirun ba. Dattijona yana da gaskiya wajen asarar rai, iyaye sun binne 'ya'yansu, wannan ba abin wasa ba ne. Inda na rabu da shi shi ne cewa ba a samu komai ba.

Mbuyisa kuwa 'yan sanda suka matsa masa sai da ya bar ƙasar. Wasiƙar ƙarshe da mahaifiyarsa ta samu daga Najeriya ya aiko ta, a 1978, kuma har ta rasu ba ta sake ganinsa ba.