'Yan midiya na coci, ba laifin kyamara ba ne

Barkanmu da Lahadi jama'a. Yau da masu ɗaukar hoto a coci nake, daga Sabon Tasha har Narayi da Barnawa a Kaduna, ko ECWA kake ko Katolika ko HEKAN duk ciwon ɗaya ne. Ana tashi sujada sai a zuba hotuna a Facebook, fasto ya fito baƙi ƙirin, zumuntar mata sun fito dishi-dishi, da ka yi magana sai a ce ai kyamarar ce ta tsufa dattawa su fitar da kuɗi a sayo sabuwa. Ni kam ban yarda ba, wurin tsayuwa ne ba ku iya ba.

Majami'u da yawa taga ce a bayan mumbari, kai kuma ka tsaya kana fuskantarta, to dole waya ta auna hasken taga ta bar fuskar mutum cikin duhu. Koma gefe haske ya zo ta kafaɗarka, in babu hali taɓa fuskar a kan sikirin ka ja ɗan alamar ranar nan sama kaɗan. Kuma don Allah a goge gilashin kyamarar, balle lokacin ƙurar hunturu. Filasha a kashe ta, ta waya ba ta wuce mita 2 zuwa 3, ƙeyar wanda ke gabanka kawai za ta haska ta kuma kashe wa mai wa'azi ido. Zum ma haka, gara ka taka ka matsa.

Mai babbar kyamara, lokacin baiko da ake fitowa da rawa kar saurin shota, wato ƙiftawar kyamara, ya yi ƙasa da 1/250 na sakan, ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 1600 ko 3200 ba ya kisa, hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi wanda ya girgiza. Lens, wato gilashin gaban kyamara, na 50mm f/1.8 yana da sauƙin kuɗi kuma yana shan haske sosai ko NEPA ta ɗauke wuta kafin a tada janareta.

Amma babban abin shi ne ka san tsarin sujada. Zo da wuri ka tambayi mai jagora yaushe 'yan kwaya za su tashi, akwai miƙa jariri ko godiyar iyali, yaushe mata za su shigo da ankonsu da tulu. Sai ka riga su isa wurin ka durƙusa ka jira, ba wai ana tsakiyar wa'azi kana zirga-zirga gaban bagade da takalmi mai ƙara ba, mutane sun daina sauraro sun koma kallonka.

Sai wanda ya fi ci min rai. Mama ta rufe ido tana addu'a tana hawaye, Allah kaɗai ya san abin da ta baro a gida, kai kuma ka kafa mata kyamara a hanci, da yamma tana yawo a sitatus ɗin matasa. Haba ɗan'uwa! Lokacin addu'a da jibin Ubangiji sauke kyamara, in dole ne ɗauka daga baya yadda ba a ganin fuska. Yaran makarantar Lahadi kuma a tambayi iyayensu kafin a ɗora.

Af, in za ku tura wa mai ɗorawa ta WhatsApp ku tura a matsayin dokumen, in ba haka ba matse hoton yake ya rage masa kyau. Kuma ku zaɓi 15 masu kyau, ba 200 da rabinsu fasto ne baki a buɗe ba.