Fatin da Na Ci Wa Kwalliya a Salamanka

Satina biyu a Salamanka, wani birni a ƙasar Sifaniya, inda na je koyon Sifaniyanci, dattijon da nake haya a gidansa ya tare ni a bakin matakala. Cikin duk zancen da ya zubo, abu biyu na cafke: ƙarfe biyu, da kuma "parte". Na ce a raina, ta faɗi gasassa, an gayyace ni fati.

Ranar ko karyawa ban yi ba, don in bar wa ciki fili. Na zaro shaddar da na ɓoye a ƙasan akwati, na goge ta har tana ɗaukar ido, na kafa zanna bukar, na yi wanka da turare.

Biyu saura minti biyar na ƙwanƙwasa. Ba baƙi, ba ƙamshin girki. Daga dattijo cikin singileti sai kyanwarsa, sai wata tsohuwar rediyo a kan tebur. Ya kalle ni tun daga hula har takalmi, ya nuna mini kujera, ya murɗa rediyo, ya ɗora yatsa a leɓe.

Labarai aka shiga karantawa. Mai karatu na zuba kamar ana binsa bashi, cikina na amsa masa daga nan gefe. Duk sanda dattijo ya girgiza kai, ni ma sai in girgiza, ban san ko mutuwa aka yi ko farashin mai ne ya tashi ba.

Jikarsa ce ta cece ni, don tana jin Turanci. Da na tambaye ta yaushe sauran mutane za su iso, dariya ta yi har da riƙe bango. Ashe fati a wurinsu "fiesta" ne. "Parte" kuwa rahoton fagen daga ne. A nan Salamanka aka kafa Radio Nacional de España, gidan rediyon gwamnatin ƙasar, ranar 19 ga Janairun 1937, ana tsakiyar yaƙin basasa, da na'urar watsa shirye-shirye ta kamfanin Telefunken da Jamus ta bai wa ɓangaren Janar Franko, kuma ta nan ake karanta rahoton yaƙi. Da yaƙi ya ƙare a 1939, aka hana gidajen rediyo masu zaman kansu yin nasu labaran, dole su jona da na gwamnati, har 1977. Shi ya sa tsofaffi irin kakanta har yau "parte" suke ce wa labarai.

Da ta fassara masa abin da ya faru, ko murmushi bai yi ba. Cewa ya yi shekara da shekaru bai ga wanda ya girmama labarai irina ba. Ya kawo mini kofi a wani ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba, da biskit biyu. Na ce, "Na gode, Baba," kyanwa ta ɗauke ɗaya.

Tun daga ranar, biyu na yi sai in ji ƙwanƙwasa. In na fito da riga mai gajeren hannu, sai ya nuna kaina ya tambayi ina hula.