Laifi ne ɗan Sakkwato ya so ganin teku?

Jiya Asabar na dawo daga tasha da jaka biyu, da 'yata tana share hawaye da bakin hijabi, da tikiti uku a aljihu waɗanda ko ƙunshin gyaɗa ba za su yi ba. Har yanzu da nake rubutun nan raina bai huce ba.

Shekara biyu ke nan na yi wa yarinyar nan alkawari cewa ranar da ta sauke Alƙur'ani zan kai ta ta ga teku da idonta. A makaranta aka ba su labarin Badagry, garin bakin teku a jihar Ikko (Legas) da ke da gidan bene na farko a Najeriya tun 1845, da tsibirin Gberefu inda ake tasa ƙeyar bayi zuwa jirgin ruwa, daga nan ba dawowa. Ta zo gida tana tambayata wai da gaske ne ba a hango ƙarshen ruwan, wai da gaske ne gishiri gare shi. Ni kaina a waya kawai nake gani. Ƙanena yana sayar da raguna a Alaba Rago, kan hanyar Badagry ɗin, ya ce mu taho, masauki ba damuwa. Wata goma ina zubin adashe saboda wannan tafiya. Ta sauke a watan jiya.

Ranar Alhamis na je na biya kujera uku a doguwar motar da ke tashi zuwa Ikko, ni da ita da uwarta. Aka rubuta mana lamba, aka ce mu zo Asabar da la'asar. Muna idar da azahar muka fita. Da na leƙa cikin motar, bayanta an danƙare shi da buhunan albasa har rufi, kujerunmu uku kuma ga mutane zaune a kai sun miƙe ƙafa.

Na koma wurin mai yanka tikiti. Yaro ne, na rantse na fara koyarwa ba a haife shi ba. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan tebur, ya toshe kunne da abin sauraron waƙa, yana shan rake yana tofar da tuka a gabansa. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Sai a ta uku ya ɗago ido, bai amsa ba.

"Mi yaf faru?"

Na ce, "Samari, ga tikitinmu, amma na tarar da mutane a kujerunmu."

Ya karɓa da yatsa biyu kamar wanda aka miƙa wa ƙazanta, ya juya bayansa, ya turo mini ta kan tebur.

"Kun makara."

"La'asar kuka ce. Ga shi ko kiran salla ba a yi ba."

"Baba, mota in ta cika ta cika. Akwai benci tsakiya in kuna so."

Kun san bencin. Katako ne ake gittawa tsakanin layin kujeru, ba majingina, ba wurin sa ƙafa. A kansa yake so in ɗora mace da yarinya 'yar shekara goma sha biyu, tafiyar sama da kilomita 1,000, kwana da wuni.

Na ce kuɗin kujera na biya, ba na benci ba. Ya ce to sai motar Talata. Na ce hutu ya kusa ƙarewa, in mun tashi Talata yaushe muka je yaushe muka dawo, a ba ni kuɗina kawai. Ya sake gatsar rakensa, ya tauna a natse, ya tofar, sannan ya ce, "Kuɗi in sun shiga littafi ba su fita."

Da a nan ya tsaya, da na haɗiye. Amma sai ya tambaye ni, "Wai mi za ku yi Ikko da kaka wanga gaggawa? Rasuwa anka yi?"

Ni kuma ban saba ƙarya ba. Na ce yarinya zan kai Badagry ta ga teku.

A lokacin ne ya cire abin kunnen, karo na farko tun da na tsaya. Ya fashe da dariya har yana dukan tebur, ya yafito 'yan kamasho. "Ku taho ku ji! Wanga dattijo teku za shi kallo!" Suka taru su huɗu. Ya dube ni ya ce, "Baba, in ruwa kaka son gani, ga gulbin Rima nan, ɗan kabu-kabu na kai ka yanzu. Mu masu neman abinci muka ɗauka, ba masu yawon shan iska ba."

'Yata na tsaye a gefena tana ji. Ta ja hannun rigata a hankali ta ce, "Baba, mu tai gida." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Kai yaro, kuɗina da ka karɓa ranar Alhamis, na masu shan iska ne ko na masu neman abinci? Ka tambaye ni dalilin tafiya kafin ka ƙirga su? Ka sayar da kujera ɗaya sau biyu, ka cusa albasa inda ya kamata mutane su zauna don mai kaya ya fi biya, sannan kai ne mai bakin yi wa uba dariya a gaban 'yarsa. Buhun albasa ya samu wuri, mutum mai rai da tikiti a hannu bai samu ba.

Na je ofishin shugabannin tasha. Wani mai babbar riga ya saurare ni da rabin kunne, ya ce, "Malam, a yi haƙuri, yaro ne." Haƙurin nan shi ya kai mu inda muke. A tsuga mana kuɗin mota, haƙuri. A ajiye mu awa biyar ana jiran lodi, haƙuri. Mota ta mutu a daji tsakanin Yawuri da Kontagora, inda kowa ya san abin da ake tsoro, direba ya shige ƙarƙashinta da tocila, mu yi ta salati a cikin duhu, haƙuri.

Abin da ya ba yaron nan ƙarfin hali ɗaya ne, ya san ba ni da wata hanya. In na yi fushi ina za ni? Jirgin sama? Na tambaya tun kafin in shiga adashe. Yawanci sai an sauka Abuja an canza wani, kuma kuɗin mutum uku zuwa da dawowa ya haɗiye albashina na watanni. Jirgin ƙasa? Layin dogon da Turawa suka jawo daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda tun 1929, kuma har yau a nan yake tsaye. Kusan shekara ɗari, an rasa gwamnatin da za ta ƙaraso da shi birnin Shehu. A 2021 an buɗe sabon layi tsakanin Ikko da Ibadan, mu a talabijin muka gani. Saura mota, ita ma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗinta bai sake sauka ba.

Hanyar da ake bi kuma ita ce: Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilorin, Ibadan. Gadar Tatabu ta karye a 2017, motoci suka yi ta kwana a hanya. A watan Mayun 2025 ambaliya ta cinye Mokwa, mutum sama da 150 suka rasu, gada ta sake tafiya, tireloli suka yi layi, albasa da tumatir suka ruɓe a cikinsu. In ka tsira ka isa Ikko ma ba ka gama ba. Ƙanena ya ce titin Badagry da aka fara faɗaɗawa tun 2009 sai da ya shafe shekara da shekaru yana cin ran mutane, ga shingayen jami'ai in ka nufi Seme, kan iyakar Benin, da sun ga hula da doguwar riga sai a ce sauko.

Yanzu ana ta yi mana albishir da babban titin Sakkwato zuwa Badagry, kilomita 1,068, daga Illela ya ratsa jihohi bakwai har bakin teku. An ƙaddamar da aikin a Oktoban 2024. Gwamnati da kanta take cewa tun zamanin Shehu Shagari aka tsara shi. Shagari ya bar mulki a 1983, ya rasu a 2018 bai taka titin ba. Shekara arba'in takarda na kwance a ofis, waɗanda suka danne ta suna hawa jirgi da iyalansu zuwa Dubai da Landan, 'ya'yansu sun gaji da wasa a bakin ruwa. Ina roƙon Allah a gama shi, amma ina so a gaya mini, ko an shimfiɗa shi da siminti, wa zai hana a sayar da kujerata sau biyu? Wace hukuma ce ke shiga tasha ta duba littafin tikiti? Haraji kam ana karɓa a bakin ƙofa kowace safiya, rasit a hannu.

Mu ma da namu laifin. Mutum sun fi ashirin a wurin suna kallo, da dattawa a ciki, ba wanda ya ce wa yaron nan kai bari. Wasu ma murmushi suke yi, don a zuciyarsu sun yarda da shi: talaka ba ya tafiya sai rasuwa, ko asibiti, ko cin rani. In ya ce zai kai ɗansa ya ga ikon Allah, ya zama abin dariya.

Gobe Litinin zan koma tashar da tikitin nan uku, kuma ba zan bar wurin ba sai da kuɗina cif. Jakar yarinyar tana nan bayan ƙofa. Uwarta ta so ta kwashe kayan jiya da dare, ta hana.