Black Panther ya ci Oscar ɗin kiɗa da guminsa, amma gwarzon fim ba nasa ba ne

A daren 24 ga Fabrairu 2019 aka raba kyaututtukan Oscar karo na 91 a Los Angeles, kuma Black Panther ya shiga zauren da takara a fanni bakwai. Ya fita da uku: kiɗan fim, sutura, da tsara wuraren da labarin ya gudana. Ya faɗi a fannin waƙa, ya faɗi a fannoni biyu na sauti, sannan Green Book ya ɗauke babbar kyautar gwarzon fim. Tun daga ranar ake jan magana. Masoyan Marvel, kamfanin da ya shirya fim ɗin, na cewa an yi musu ƙwange, masu raina irin waɗannan finafinai na jarumai masu ƙarfin almara kuma na cewa ko shiga takarar ma alfarma aka yi masa saboda kuɗin da ya tara, sama da dala biliyan 1.3 a duniya. A ganina alƙalan sun yi daidai a kusan kowane fanni da ya shafi fim ɗin, kuma ɓangarorin biyu suna kuskure iri ɗaya: suna auna fim a dunƙule, alhali kyautar fanni-fanni ake ba da ita.

Cibiyar da ke raba Oscar tana da mambobi wajen dubu goma, an kasa su rassa bisa sana'a. Makaɗa ne ke fitar da 'yan takarar kiɗa da waƙa, masu ɗinka sutura su fitar da na sutura, daraktoci na daraktoci. Gwarzon fim kuwa kowa na da hannu a fitar da 'yan takararsa. Saboda haka idan aka ce fim ya shiga takarar kiɗa, ma'anarsa abokan sana'ar makaɗin ne suka saurara suka yarda, kuma waɗannan ba su cika kula da yawan tikitin da aka sayar ba.

Wanda bai san yadda ake yi wa irin waɗannan finafinai kiɗa ba zai yi mamakin abin da ya sa yawancinsu ba a iya tuna ko amo ɗaya daga cikinsu. Dalilin yana cikin tsarin aikin. Mai tace fim ba ya iya yanka hotuna a shiru, don haka yakan ɗauko kiɗan wani tsohon fim ya shimfiɗa na wucin gadi. Darakta da masu kamfani su yi wata da watanni suna kallon fim ɗin da wannan kiɗan aro har kunnensu ya saba. Ranar da makaɗi ya zo aka zauna aka yi masa alamar inda kiɗa zai shiga da inda zai fita, abin da ake nema a wurinsa shi ne ya yi mai kama da na aron, daidai gwargwadon da ba za a kai su kotu ba. Matsala ta biyu ta fi wannan. Hotunan da ake haɗawa da kwamfuta suna isowa a makare, wani lokaci makonni kaɗan kafin a saki fim, kuma duk hoton da aka rage wa daƙiƙa biyu sai an datse kiɗan da ke ƙarƙashinsa. Amo mai tsawo wanda ke da farko da ƙarshe ba ya jure datsa, yana karyewa a ji. Gurnanin ganguna da jan goge mai maimaita kansa kuwa ko'ina aka yanke shi ba a ganewa. Makaɗi mai wayo sai ya rubuta na biyun. A ƙarshe wurin haɗa sauti, fashewar gini da ƙarar jirgi su danne ɗan abin da ya rage.

Ludwig Göransson, ɗan ƙasar Suwidin da ya tsara kiɗan Black Panther, ya kauce wa wannan tarko ne saboda ya fara aiki da wuri. Sun san juna da darakta Ryan Coogler tun suna makarantar fim a Kalifoniya, shi ya yi masa kiɗan Fruitvale Station a 2013 da Creed a 2015. Da ya karanta rubutun labarin sai ya tafi Senegal ya bi Baaba Maal yawon wasa, ya ɗauki sautin makaɗan ƙasar, daga nan ya wuce ma'ajiyar kiɗan Afirka da ke Grahamstown (yanzu Makhanda) a Afirka ta Kudu ya saurari tsofaffin faya-fayai. Bayan haka ne aka ɗora babbar ƙungiyar masu goge da ƙaho a Landan, da mawaƙa masu rerawa da harshen Xhosa.

Tafiya Afirka ita kaɗai ba ta sa kiɗa ya cancanci komai. Finafinan Amurka nawa ne suka zuba ganguna a bayan hoton daji don kawai a ce ga Afirka? Abin dubawa shi ne aikin da kiɗan ya yi wa labarin. Sarki T'Challa yana da takensa, kuma da tama ake buga shi, wato ƙaramar gangar hammata ta Senegal, 'yar'uwar kalangu, a hannun Massamba Diop. Gangar sunan sarkin take kira. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan, ya san makaɗi na iya kiran mutum da kalangu a tsakiyar taro ya waiwayo. Lokacin da jirgi ya ratsa cikin Wakanda, ƙasar almara da labarin ya gudana a cikinta, karon farko, muryar Baaba Maal ce ke tashi da Fulatancin Senegal, yana waƙar mutuwar giwa, giwar kuwa sarki ce. Mai kallo a Chicago bai ji ko kalma ɗaya ba, amma an sanar da shi ana makoki kuma gadon sarauta na jiran mai hawa.

Taken Killmonger, abokin gabar, shi ne wurin da aikin ya fi nuna ƙwarewa. Mutumin jinin sarautar Wakanda ne amma a Oakland ya tashi maraya. Göransson ya ɗauki sarewar Fulani, wadda mai busa ta ke haɗa busa da kururuwa, ya ɗora ta a kan bugun injin ganga mai nauyi irin na waƙoƙin gambarar Amurka. Asalinsa da tarbiyyarsa ke nan a cikin amo ɗaya, kuma ba sa zama lafiya da juna. Sa'ad da ya hau karagar mulki kyamara ta juyo daga kife, bugun nan na titin Amurka ya mamaye fadar da a da tama ke magana a cikinta. Ko an toshe maganar 'yan wasa, kunne ya san mulki ya sauya hannu. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙe: a cire kiɗan a gani ko labarin ya yi asara. A nan zai yi. Wanda ya ce Nicholas Britell ya fi cancanta a waccan shekara da kiɗan If Beale Street Could Talk yana da hujja mai ƙarfi, ana iya yini ana wannan gardama. Wanda ya ce kiɗan Black Panther bai isa shiga sahu ba saboda jarumin na sanye da rigar damisa, bai saurara ba ne.

Akwai ƙorafi ɗaya da ba a kawar da shi da sauƙi. Mutum-mutumin zinariyar yana gidan Göransson, alhali muryar da kowa ke tunawa ta Baaba Maal ce, hannun da ya buga taken kuma na Diop ne. Dokar cibiyar tana ba wanda ya tsara kiɗan ne, kuma tsarawar aiki ce ta gaske, don wani ne ya yanke shawarar a haɗa sarewa da injin ganga a kuma san daƙiƙar da za su shigo. Sai dai dokar an gina ta a kan al'adar Turai, inda mutum ɗaya ke rubuta kiɗa a takarda saura su karanta su buga. Makaɗin tama ba karatu yake yi ba, yana ƙirƙira ne a lokacin da yake bugawa. Wannan gibi ne a dokar, kuma zai sake fitowa duk ranar da aka gina kiɗan fim a kan makaɗan gargajiya.

Waƙa kuma wani fanni ne dabam, kuma a nan ban ga zaluncin da ake faɗa ba. Sharaɗin shi ne a rubuta waƙar musamman don fim ɗin, a kuma ji ta sarai a cikinsa ko ta zama ta farko da ke tashi idan sunayen ma'aikata suka fara hawa. Wannan ƙofa ta biyu ita manyan kamfanoni suka fi bi, domin tana ba su damar ɗauko shahararren mawaƙi a liƙa waƙarsa a wutsiyar fim a sayar da faifai. "All the Stars" ta Kendrick Lamar da SZA waƙa ce mai daɗi, amma tana tashi ne bayan labari ya ƙare, mutane na neman takalmansu. "Shallow" da ta kayar da ita a tsakiyar A Star Is Born take, a wurin da jarumar ta fara hawa dandamali, kuma in babu ita babu wannan fage. Haka aka sake yi a Maris 2023. "Lift Me Up" ta fim na biyu, Wakanda Forever, wadda Rihanna ta rera kuma Tems ta Najeriya na cikin marubutanta, ta zo da nauyin juyayin rasuwar Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin T'Challa, a 2020. Ta faɗi a hannun "Naatu Naatu" ta fim ɗin Indiya RRR. Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun fi kowa sanin bambancin: a RRR waƙar fage ce sukutum, gasar rawa ce da jarumai biyu suka kunyata Turawan mulkin mallaka da ita. An so Tems ta ɗauko, amma alƙalan ba su yi kuskure ba.

Sutura da tsara wuri ba su da doguwar gardama. Ruth Carter, mai tsara suturar, ta ɗauko zoben wuya na Ndebele, bargon Basotho, jan kaya da duwatsun ado irin na Maasai, shuɗin rawani irin na Buzaye ga ƙabilar 'yan kasuwa, da hular matan Zulu wadda aka fitar da injin ɗab'i mai sassaƙa don uwar sarki. Hannah Beachler, mai tsara wuraren, ta rubuta kundi mai shafi wajen 500 kan tarihi da gine-ginen ƙasar da babu ita. Su ne baƙaƙen fata na farko da suka ci waɗannan fannoni biyu, kuma Carter ta sake ci a 2023.

Saura babbar kyautar. Shigar Black Panther takarar gwarzon fim ita ce ta farko ga fim ɗin irin waɗannan jarumai, kuma ƙofar da ya bi wani ne ya buɗe ta. Bayan an bar The Dark Knight, fim ɗin jarumi Batman, a waje a shekarar da Heath Ledger ya ci kyautar mataimakin jarumi da shi bayan rasuwarsa, surutu ya yi yawa har cibiyar ta faɗaɗa gurbin daga biyar zuwa goma a 2009. A Agusta 2018 ta sanar da sabon fanni na fim mai farin jini, wanda kowa ya gane ɗakin baƙi ne ake gina wa Black Panther don kada ya shiga falo. Cikin wata guda aka janye shi, kuma gara da aka janye. Fim ko dai ya isa a gwada shi da saura ko bai isa ba.

Ya isa a gwada shi. Kashi biyu cikin uku na fim ɗin muhawara ce ta gaske: ƙasa mai arziki da ta ɓoye kanta tana kallo aka kwashe maƙwabtanta bayi, me take bin su, me suke bin ta? Killmonger na Michael B. Jordan yana da gaskiya a tuhumarsa ko da hanyarsa ta jini ce, har sarkin ya sauya manufa saboda shi. Darakta Martin Scorsese ya ce a 2019 finafinan Marvel sun fi kama da filin wasan yara da ake hawa lilo, ba a fuskantar haɗarin komai a cikinsu. Maganarsa ta kama da yawansu, ba ta kama wannan sashe na wannan fim ba.

Ta kama ƙarshensa, kuma nan ne kyautar ta kuɓuce. Muhawarar da aka gina da kyau sai aka warware ta da dambe tsakanin mutum biyu masu kaya iri ɗaya a ramin ma'adini mai duhu, kusan duka zanen kwamfuta, jikinsu ba nauyi, ga karkanda na kwamfuta suna gudu a fili. Reshen masu wannan sana'a bai ko saka fim ɗin cikin biyar na fanninsu ba. Fagen dajin Sambisa da ke farkon fim ma haka yake, an taɓo raunin da mutanen Borno ke ɗauke da shi an mayar da shi wurin nuna bajintar jarumi na 'yan mintuna. Rassan daraktoci, marubuta, masu tacewa da 'yan wasa duk ba su ba shi gurbi ko ɗaya ba, kuma da wuya fim ya zama gwarzo ba tare da ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Nasarar Green Book ba ta tabbatar da cewa ya fi shi ba. A wannan fanni mai zaɓe jera finafinai yake yi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a riƙa cire mai ƙarancin ƙuri'a ana raba takardunsa ga zaɓi na gaba har wani ya haura rabi. Tsarin yana fifita fim ɗin da mutane da yawa suka sa a na biyu ko na uku, wato wanda bai ɓata wa kowa rai ba. Idan akwai wanda aka yi wa ƙwange a daren, Roma na Alfonso Cuarón ne, wanda ya ci kyautar darakta da ta ɗaukar hoto da ta fim ɗin harshen waje, sannan aka hana shi babbar.